Tafiyar Mai Mazarƙwaila

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin Malam yakan cire agogonsa ya kwantar a kan tebur idan zai fara darasin Turanci, ni kuma a bencin gaba nake zama, jikin taga, inda nake iya karanta agogon ba tare da na ɗaga kai ba.

Ina aji huɗu a lokacin, a 'yan shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Makarantarmu ƙarama ce, a wani gari kusa da Makarfi, yanzu ko tubalinta babu. A hannun Goggo nake, yayar babana. Ni 'yar fari ce, ana yaye ni aka kawo ni wurinta. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama inda nake zaune ba, idan kuma dole ta sa ya ambace ni sai ya ce "yarinyar wajen Yaya". Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Haka ake yi wa ɗan fari, kowa ya sani. Ni ma ban taɓa nuna shi na ce wa wani ga babana ba.

Yana zaune a wani ƙauye ta wajen Kudan, yana dafa mazarƙwaila. Duk Laraba yakan ɗoro kwando a ka ya kai kasuwar Makarfi. Hanyar da ta miƙe daga ƙauyensu zuwa kasuwa ba ta biyo ta garinmu ba. Sai mutum ya ratse, ya ƙara wa kansa tafiya mai ɗan dama, kafin ya zo ya wuce ta gaban makaranta. Baba kuwa kurkunu ya taɓa cin gwiwarsa ta hagu har ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Duk da haka ta nan yake bi. Yakan ɓullo daga gindin tsamiya, ya wuce ta gaban tagarmu idonsa a kan hanya, sai ya zo daidai inda nake ya ɗan gyara zaman kwandon da hannu ɗaya, ya wuce. Iyakar abin da ke tsakanina da shi ke nan a mako, kuma ya ishe ni. Tun daga Alhamis nake lissafin Laraba.

Malaminmu sabo ne, daga birnin Zariya aka turo shi, bai daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Yana da farin wando da takalmi sau-ciki, yana kuma da wata magana da yake yawan yi, wai Turanci ba haddar allo ba ne, da ido ake koyonsa. Shi ya sa ya mayar da darasin Laraba na bakin taga. Mutane na wucewa kasuwa, shi kuma yana nuna su da bulala yana tambayarmu wace kalma ce ta dace da tafiyar kowannensu.

Gaskiya ina son darasin. Ina da wani ɗan littafi da na ɗinka da zare daga ragowar takardu, na ja layi uku a kowane shafi: kalmar Turanci, abin da ya fi kusa da ita a Hausa, da wanda na gani yana yin irin tafiyar. Walk ita ce uwa, kowa yana yin ta. March na rubuta mata ɗan doka. Stroll na ba akawun alƙali, wanda yakan fito da la'asar hannu a baya, ba inda za shi. Creep sanɗa ce, na rubuta kyanwar Goggo. Trudge ce ta fi ba ni wahala. Da farko na sa mata tattaki, daga baya na goge, domin tattaki maganar nisa ce da niyya, ita kuwa trudge maganar nauyi ce, tafiyar masu dakon rake idan rana ta take, kowace ƙafa sai an roƙe ta kafin ta ɗaga. Kwana biyu na yi ina tunanin wannan. Ban faɗa wa kowa ba. Saboda wannan littafin Malam yake kirana Akawu, ko da yake bai taɓa jin muryata a aji ba sai wajen amsa kiran suna.

Akwai kuma stagger. Malam ya ce tangaɗi ce, tafiyar wanda ya sha burkutu ya yi tatul. Layinta na uku a littafina babu komai, domin ban taɓa ganin mashayi ba.

A ranar nan, da goma da kwata, Baba ya ɓullo daga gindin tsamiya. Sauran Larabobin yakan wuce ne a cikin ayari, ko lokacin da Malam ya juya yana rubutu. Ranar nan shi kaɗai ne a hanya.

Malam ya nuna shi da bulala. "Yauwa, ga wani. Ku dube shi da kyau. Wace kalma?"

Abokiyar zamana a benci 'yar sarkin fawa ce. Gidansu yana jikin na Goggo, ta san ko wane ne mutumin, ita kaɗai ta sani a ajin. Ta dube ni ta gefen ido, ta ɗaga hannu.

"Stagger, Malam."

"Stagger," in ji Malam, yana jinjina kai. "Ashe dattijo da burkutu ya karya kumallo."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya juya ya fara rubuta kalmar a allo. Na ga alli ya yi harafin farko, ya yi na biyu. Mutumin da ba ya wuce sallar asuba a masallaci ko da ƙafar ta kumbura, za a rubuta shi mashayi a gaban yara talatin, su kai gida. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Ba ita ba ce, Malam."

Ya juyo. "Akawu ta yi magana. Ku shigar da shanya, yau za a yi ruwa. To, me ya sa ba ita ba ce?"

"Mai stagger bai san inda ƙafarsa za ta sauka ba. Wannan ya sani."

Ya dube ni. Sai ya goge abin da ya fara rubutawa. Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma ya ce, "To wace ce?"

"Limp."

"Limp, ko hobble?" Ya rubuta su biyun, ya ja layi a tsakani. "Bambance mana su, tunda ke ce alƙaliya."

Na bambance. Na ce limp ɗingishi ne, ƙafa ɗaya ce mai ciwo, mutum yana tausaya mata yana jefa nauyinsa a kan ɗayar, amma takunsa yana iya yin faɗi, yana ma iya sauri. Hobble kuwa taku ne gajeru masu wahala, ƙafafun biyu duk ba su da sakewa. Malam ya taɓa ce mana kamar jakin da aka yi wa dabaibayi, na maimaita masa maganarsa.

"To shi wannan fa?"

"In ba kaya a kansa, limp ne. In da kaya, ta daman ma takan gaji, sai ya koma hobble."

"A ina kika taɓa ganinsa ba kaya?"

'Yar sarkin fawa ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗarta tana rawa. Kalma biyu kawai zan faɗa, babana ne, a wuce wurin. Amma ban taɓa faɗin su ba a rayuwata, ballantana a gaban namiji baƙo da aji guda, Baba kuma yana iya jiyowa. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Malam bai jira ba. Ya leƙa ta taga. "Kai mai kwando, zo nan."

Baba ya riga ya kusa wucewa. Ya tsaya, ya dawo. A wancan zamani malamin En'e, ma'aikacin hukumar sarki, ba wanda talaka zai ƙi amsa wa ba ne. Ya yi ƙoƙarin rusunawa da kayan a kansa, ƙafar hagun ta miƙe gefe kamar sanda.

"Allah ya gafarta Malam. An tashi lafiya? Yaya aiki, yaya yara?"

"Lafiya. Koma gindin tsamiyar can ka taho. Kada ka sauke kayan."

"Ko wani laifi aka yi, Allah ya gafarta Malam?"

"Ba laifi. Karatu muke yi."

Ya koma, ya taho. Malam yana kaɗa bulala, aji yana amsawa baki ɗaya, hobble, hobble, hobble, daidai da saukar ƙafarsa. Da ya iso aka sa shi ya sauke kwandon, ya sake komawa, ya sake tahowa. Takun ya buɗe, kafaɗa tana faɗawa dama. Fuskar Malam ta washe.

"Kun gani? Limp. Yarinyar nan ta fi ku ido, duk da ku. Akawu, fito ki nuna mana su biyun."

Ya tattara littattafan da ke kan tebur ya ɗora mini a ka a madadin kwando.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi shi da kyau. Ina iya yin ɗingishin wasa irin na kowane yaro, a yi dariya a tashi. Tsoron bulala yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Ban iya yin abu rabi da rabi ba, ko share tsakar gida ne. Kuma, tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, maganar nan ta Malam cewa na fi su ido ta yi mini daɗi, daɗin yana nan a ƙirjina lokacin da na taka ƙafar farko. Na sandarar da gwiwar hagu. Na ja diddige ya zaga ta waje kafin ya sauka, yadda nasa yake yi. Na sauke kafaɗa. Har ɗan numfashin nan da yake saki ta hanci bayan kowane taku uku na yi. Da na zo tsakiyar aji na ɗaga hannu ɗaya na gyara zaman littattafan a kaina.

Dariyar da aka yi har malamin aji biyu ya leƙo. Baba yana tsaye a bakin taga, hannuwansa a haɗe a gaba, yana kallon tsamiya. Sau ɗaya ya juyo, daidai lokacin da na gyara littattafan. Ya mayar da kansa.

Da aka sallame shi sai ya buɗe kwandon ya ɗauko curin mazarƙwaila guda ya miƙa wa Malam da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa manya idan an tsaya a gabansu da kayan sayarwa. Malam ya karɓa, ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"Ungo, ladanki."

Na durƙusa na karɓa. Ba wanda ya taimaka wa Baba ya ɗora kwandon. Na ji yana nishi a bayan bango har ya ɗora.

Da na koma gida na ajiye curin a kan faifai. Goggo ta ɗauka ta duba gindinsa. Ta san 'yar tasar da ƙanenta yake zuba mazarƙwaila a ciki, tana da wata 'yar lotsawa a gefe da take fitowa a jikin kowane curi.

"Wa ya ba ki?"

"Malam."

Ba ta ƙara tambaya ba. Kafin magariba matar sarkin fawa ta leƙo ta katanga ta ba ta labarin duka, har da kwaikwayon yadda na yi.

Laraba ta zagayo. Yara sun riga sun shirya. Aka yi rashin sa'a Baba ya makara, ya iso lokacin da aka fita shan iska. Har 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su san ko harafi guda na Turanci ba, suka bi bayansa a jere, kowa ya ɗora allonsa a ka ya sandare ƙafa, suna rera "Hobul, hobul, jakin Kudan." Wani yana kukan jaki. Abin da na lura da shi, ba shi suke kallo suna kwaikwayo ba. Nawa ɗingishin suke yi. Duk sun iya ɗaga hannu su gyara kaya a ka. Ina zaune a cikin aji ni kaɗai, ban fita ba, ban kuma rufe tagar ba. Ya wuce ta gabana hannuwansa biyu a ƙasa, kwandon ya karkace, bai taɓa shi ba.

Laraba ta gaba goma da kwata ta yi, da rabi ta yi, sha ɗaya ta yi. Masu rake suka wuce, matan Fulani suka wuce da ƙoren nono, wani mai tumaki ya wuce. Malam ya tambaye ni kalmar da ta dace da mai tumakin, na ba shi, ta yi daidai.

A makon nan ne 'yar sarkin fawa ta gaya wa Malam. Ina jin ta gaji da riƙe abin ita kaɗai. Ya tsayar da ni bayan an tashi.

"An ce mai kwandon nan mahaifinki ne."

Na sunkuyar da kai.

"Me ya hana ki faɗa? Ba ki da baki?" Ya ɗaura agogonsa yana girgiza kai. "Kunyar ƙauye. Mutum ya ga ubansa ya yi kamar bai san shi ba, wai ladabi." Ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo. "Ai shi ya sa kika iya shi haka. Kada ki manta yadda ake yi, Bature mai duba makarantu yana tafe."

Baturen ya zo bayan mako uku. Malam ya jera mu, kowa da kalmarsa. Wani ya yi march, wani ya yi creep, 'yar sarkin fawa ta yi stroll tana yanga. Ni aka ajiye a ƙarshe, da littattafai a ka. Na yi hobble, aka sauke mini kaya na yi limp, na kuma bayyana bambancinsu da Turanci, jimla huɗu da Malam ya sa na haddace. Baturen ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi sunana ya rubuta. Da wannan rubutun aka sa ni cikin waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar 'yan mata ta kwana.

Ban iya tambayar Goggo kai tsaye ba. Wata Laraba da ta dawo daga kasuwa, inda take sayar da daddawa, na karɓi ƙwaryarta na ce, "Goggo, mutanen wajen Kudan sun daina cin kasuwa ne?"

"Kasuwa tana ci."

Bayan wata guda na sake gwadawa. "Ko ciwon ƙafa yana tashi da damina?"

"Ƙafa tana nan inda Allah ya ajiye ta. Ɗebo mini ruwa."

Na yi ta ba kaina dalilai. Na ce yaran ne, idan suka manta zai dawo. Suka manta, suka koma tsokanar wani mai gyaran fitila, bai dawo ba. Na ce ko Malam yake gudu. Aka yi wa Malam canji zuwa wajen Ikara, aka kawo wani tsoho wanda ba ruwansa da taga, bai dawo ba. Ban bar bencin gaba ba har na gama.

Da babbar Salla Goggo ta kai ni ƙauyen, kamar yadda ta saba kowace shekara. Na durƙusa daga bayan zana na gaishe shi, ya amsa da "lafiya" guda biyu, yadda ya saba. Sai dai a da, ina shiga gidan yakan tashi ya fita, ya bar mana wurin. A wannan karon yana zaune a kan buzu a gindin rumbu, ya rufe ƙafafunsa da riga, bai motsa ba. Rana ta bar inda yake, inuwa ta koma wani gefe, yana nan cikin rana. Aka kira azahar, maza suka fita, yana zaune. Sai da Inna, mahaifiyata, ta ce wa ƙanwata, ba ni ba, "Ku shiga ɗaki da baƙuwa," muka shiga, aka saki asabari, sannan na ji motsin tashinsa. Kwana biyu muka yi. Ban gan shi a tsaye ba ko sau ɗaya.

Na ci jarrabawar. Ana gobe motar En'e za ta zo ta ɗauke mu, Goggo ta zaunar da ni a tsakanin gwiwoyinta da hantsi tana yi mini kitson tafiya. Ƙeyata ce a wajenta, ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata. Ina jin shi ya sa na iya.

"Goggo, Baba ba ya zuwa kasuwa ne?"

Ranar ce na fara kiransa haka a gabanta. Ta ja gashin ta tsaga da tsinke, ta yi layi guda har ƙarshe.

"Yana zuwa. Duk Laraba muna gaisawa."

"Ta ina yake bi?"

"Ta hanyarsa. Wadda ta miƙe."

"Saboda yaran ne?"

"Yara?" Ta danna kaina ƙasa don ta kama na ƙeya. "Yara sun yi masa abin da ya fi wannan tun ba a haife ki ba. Riƙe nan."

Na riƙe jelar kitson. Ta buge hannuna ta gyara mini riƙon.

"To Malam ne?"

"Malam baƙo ne, me ya sani. Ke dai ba za ki bar mutum ya huta ba sai kin ji, ko? Komai sai kin bi diddiginsa." Ta ɗebo man shanu ta shafa a tsagar. "To ji. Na tambaye shi sau ɗaya, a rumfata, ban sake ba. Cewa ya yi, 'Yaya, shekara huɗu ina ratsowa ta nan don in ga yarinyar. Na ɗauka ita ma ni take leƙe. Ashe ƙafar take kallo.'"